Yadda Aka Sa wa Kalilu Ƙona-Rikoda

Duk wanda ya yi mota a Birnin Kebbi zamanin da garin ke ƙarƙashin Jihar Sakkwato ya san rumfar Kalilu, ko da bai taɓa kai motarsa can ba. Tana bayan tasha, gindin wata tsamiya, kwano huɗu da benci guda da tarin matattun batura. Sana'arsa gyaran wutar mota, abin da direbobi ke ce wa rewaya. Sunan da ya bi shi har kabari kuwa shi ne Ƙona-Rikoda, kuma yawancin masu kiransa haka ba su san a zamaninsa ba a yi mai hannunsa tsakanin Kebbi da Argungu ba. Rikoda guda ce ta ƙone, sau biyu, kuma ba shi ya ƙona ta ba.

Ɗan Ambursa ne, ɗan manoman shinkafa. Ubansa ya so ya gaje shi a fadama, amma Kalilu ya fi son ƙarar inji da kukan kwaɗi, sai aka haƙura aka kai shi wani gareji a Birnin Kebbi, wurin wani dattijo mutumin Filato mai suna Cornelius. Kafin Cornelius ya koya masa riƙon filaya sai da ya koya masa magana guda: kada ka yarda da wayar da ba kai ka ja ta ba. Kalilu ya ji da kunne, bai ji da zuciya ba, sai ranar da wani direba ya rantse masa ya cire kan batir alhali bai cire ba. Sifana ta haɗu da zoben azurfar da ke yatsansa, wuta ta kama, zoben ya yi ja ya ci nama. Tabon ya zauna masa kewaye da yatsa, kuma daga ranar bai sake ɗaukar rantsuwar kowa a bakin komai ba.

Da ya buɗe tasa rumfar, halin ya girma tare da shi. Kullum akwai ƙwan fitila da waya biyu rataye a wuyansa, da shi yake gwada kowace waya kafin ya taɓa ta, ko da shi ya ja ta jiya. In direba ya ce fitila ce kawai ta mutu, Kalilu zai dube shi ya ce a ransa, kifi na ganinka mai jar koma, sa'an nan ya bi motar tun daga hanci har wutsiya yana neman abin da aka ɓoye masa. Sau da yawa kuma yakan samu, abin da ya ƙara lalata shi ke nan. Matarsa Riskuwa, mai saƙar tabarma da faifai, takan ce masa, "Malam, kai ko ruwan randa sai ka tambaye shi wa yaɗ ɗebo shi." Ba ya musu, don ya sha tambaya.

Akwai kuma wani halin da ya fi wannan muni. Kalilu ba ya bayani. In yana aiki yakan juya wa mai mota baya, in ya gama ya naɗe komai da baƙin tef, ya rufe bonet, ya ce an gama. Ya yi imani sauran masu rewaya na turo masa direbobi don su saci ilmi, musamman wani Ummaru na Argungu, wanda bawan Allah bai ma san ana gaba da shi ba.

A shekarar tamanin da biyu, bayan alhazai sun dawo, wata baƙar Moris ta tsaya gindin tsamiyar. Kowa ya san ta. Ta Alhaji Labbo ce, babban ɗan kasuwar albasa na Argungu, wanda ya saye ta gwanjo hannun wani Bature mai komawa gida tun farkon samun 'yancin kai. Tsaransa duk sun koma Fijo, shi ya ce matar fari ba a sakinta don ta tsufa. Direbansa Tamba ya kai shekara ashirin yana tuƙa ta, dogon dattijo siriri mai ƙarancin magana, wanda ke share motar kamar zai ci abinci a kanta. Alhaji ya fito da wani kwali daga ƙarƙashin babbar riga ya buɗe da kansa.

"Kalilu, wagga rikoda daga Makka nit taho da ita. So nike ka aza min ita ga mota, in riƙa jin karatu bisa hanya. An ce ba ka da na biyu."

"Ranka shi daɗe, za a yi," in ji Kalilu.

A nan gizo ke saƙa. Batirin mota kai biyu gare shi, babba da ƙarami. Motocin zamani ƙaramin kan ake ɗaure wa jikin mota, kuma duk wata rikoda a kan haka aka ƙera ta. Tsofaffin motocin Ingila kuwa, irin Moris ɗin Alhaji, babban kan ake ɗaure wa jiki. In ka ɗaura sabuwar rikoda a tsohuwar mota yadda ka same ta, wuta za ta shige ta a juye ta ƙone nan take. Kalilu ya san wannan sarai. Ya juya wa Alhaji da Tamba baya, ya ɗaga batirin ya juya shi, ya sauya bakin wayoyin, ya gyara dainamo mai cajin batir ya bi sabuwar hanya, ya sa sifika biyu a bayan kujera, ya naɗe da tef. Aiki ne mai kyau, na gwani. Sai dai bai gaya wa kowa ya juya batir ba, don kada labari ya kai kunnen Ummaru. Motar ta tashi da karatu na fita tangaran, Alhaji na gyaɗa kai har suka ɓace a hanyar Argungu.

Washegari da hantsi sai ga Tamba shi kaɗai. Ya ce da safe Alhaji ya danna rikodar, ta yi hayaƙi ta yi shiru. Kalilu ya ɗaga bonet. Batirin ya koma kwanciyarsa ta dā. Bakin wayar da ya matse wa ƙaramin kai an buɗe shi da ƙarfi an cusa wa babba, ɗayan kuma da ya yi yawa an ciko shi da guntun gwangwanin madara an daddoke da dutse. Motar ba ta damu ba, tsohuwar mota ko ta wace hanya aka ba ta wuta tashi take. Rikodar ce ta sha wuta a juye.

Kalilu ya daɗe yana kallon guntun gwangwanin. Wanda ya buɗe bakin waya da ƙarfi, ya ce a ransa, ya san abin da yake yi. Ya saci kallon Tamba, ya ga dattijo na kallon tsamiya kamar yau ya fara ganinta. Sai lissafi ya zo masa cif: Ummaru ya ji haushin an tsallake shi an kawo aiki Kebbi, ya haɗa baki da direba. Kalilu ya rufe bonet. Ya ɗauki rikodar ya kai wa Matiyu, mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, wanda ya buɗe ta ya shinshina ya ce, "Oga Kalilu, wannan ba lalacewa ba ne, wuta ce ta shigo mata ta baya." Matiyu ya gyara a yinin. Kalilu ya sake juya batir, ya sake matse komai, ya ce wa Tamba magana guda, "Baba Tamba, kada a bar kowa shi taɓa wagga mota." Tamba ya ce to. Da a ce Kalilu ya ƙara kalma biyar a kai, da wannan labarin ya ƙare a nan.

Kwana ɗaya tak, rikodar ta sake ƙonewa. Wannan karon Alhaji Labbo da kansa ya zo, ana tsakiyar lodi a tasha, kuma bai jira an kai benci ba. A gaban direbobi da 'yan kamasho da masu tallar kifi ya ce ya gane wasan. An ƙwaƙule cikin rikodar Makka an zuba masa tarkacen kasuwa, Kalilu da abokinsa mai rediyo sun raba. Abin ya yi wa Kalilu zafi ƙwarai, don a duk shekarunsa na zargin mutane ba a taɓa zarginsa da ɗaukar ko dunƙulen tef ba.

"Alhaji, ban ɗauki komi ba. An taɓa batir."

"Ba wanda yat taɓa shi. Batir yadda shike shekara ashirin, hakanan shike yau."

Mai hankali da ya tsaya a kan wannan maganar, ya tambayi kansa yadda babban mutum da ba a taɓa ganin ya ɗaga bonet ba ya san kwanciyar batir. Amma Kalilu ya riga ya kama ɓarawonsa a zuciya, ba ya neman wani. Ya nuna Tamba da yatsan nan mai tabo ya ce, "To a tambayi direba wa shika kai ma motar in an koma Argungu." Idanu suka koma kan Tamba. Dattijon ya sunkuyar da kai, bai ce e ba bai ce a'a ba. Kalilu ya ce a ransa, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ya roƙi a ba shi dama ta ƙarshe. A bar motar har Matiyu ya samo abin da ya ƙone daga Sakkwato, ranar Alhamis ta sama Tamba ya zo ya ɗauka, shi kuma ran Juma'a zai kawo rikodar Argungu da ƙafarsa ya ɗaura. Alhaji ya yarda da ƙyar, ya shiga tasi ya tafi. Kafin tasin ta bar tasha wani ɗan kamasho ya riga ya ɗaga murya ya ce, "Sannu da aiki, Ƙona-Rikoda." Aka yi dariya, sunan ya kama.

Makon nan Kalilu ya ga abin da bai taɓa gani ba. Motocin wani ofishi da ya shekara bakwai yana yi wa aiki suka wuce rumfarsa ba ko gaisuwa. Wani mai tasi ya kawo gyaran fitila, amma kafin ya miƙa makulli sai da ya cire rediyonsa ya rungume. Matiyu ya zo ransa a ɓace ya ce shi ma an fara tsayawa a kansa in yana gyara. Mai rewaya ba shi da jarin da ya wuce a yarda a bar shi da mota a tafi, kuma Kalilu ya ga wannan jarin na tsiyayewa a gabansa. Abinci ya daina shiga masa.

Ranar Laraba ya tarar da Riskuwa a tsakar gida tana rina kaba da galura, hannuwanta shuɗi-shuɗi har wuyan hannu. Ya tsaya yana kallonta har ta tsargu.

"Malam, lahiya?"

"Wagga galura, kwana nawa takan yi ga hannu?"

"In ta sami maiƙo? Ko da sabulu sai ta yi mako."

Ya ɗebi cokali guda na wata galurar mai ruwan hoda mai duhu, ya kwaɓa da giris. Washegari kafin Tamba ya iso ya sake juya batirin, ya shafe ƙarƙashinsa da gefunansa, daidai inda dole mai ɗagawa ya sa yatsu, inda kuma ido ba ya kaiwa. Ya rufe bonet da gwiwar hannu. Da Tamba ya zo, Kalilu ya gaishe shi da fara'ar da ba ta kai ciki ba, ya bi hannuwansa da kallo don ya san yadda suke kafin gobe.

Juma'a da hantsi yana Argungu, rikoda a cikin jaka. Garejin motar ɗakin kwano ne a jikin katangar gidan Alhaji, ƙofarsa na kallon titi, makulli ɗaya a hannun Tamba. Ya tarar da Tamba na wanke taya. Ya miƙa masa hannu biyu, ya riƙe nasa ya daɗe yana gaisuwa, yana tambayar gida da iyali da gajiya, yana juya tafin dattijon kamar mai duban ƙasa. Hannu fes, ba ko ɗigo. Ya ɗaga bonet. Batirin ya sake komawa kwanciyar dā, kuma ga sawun yatsu takwas a cikin giris, huɗu kowane gefe.

To, ba Tamba ba ne da hannunsa. Saura wanda ya ba makulli. Kalilu ya ce zai je ya sayo tef, ya zarce rumfar Ummaru. Ummaru ya yi murnar ganin babban gwani na Kebbi a rumfarsa, ya tashi ya ba shi kujera, ya aika a kawo fura. Kalilu ya sha furar yana kallon hannun mai ba shi. Baƙin mai ne kawai irin na kowane makanike. A masallacin Juma'a ma, Allah ya yafe masa, da aka ɗaga hannu ana addu'a shi sahun gabansa yake bi da ido.

Bayan an sauko aka kira shi zauren Alhaji cin abinci. Fataken albasa biyar ne zaune, biyu daga cikinsu mutanen Birnin Kebbi, waɗanda duk abin da aka faɗa a zauren nan zai kwana a tasha. Alhaji na kan darduma, hannuwansa cikin hannun riga, ya amsa gaisuwar Kalilu da ka. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, aka zagayo da buta. Da ta iso kan maigida ba makawa, ya fiddo hannu.

Yatsu huɗu na dama, huɗu na hagu, daga gaɓa ta biyu zuwa ƙarshe, ruwan hoda mai duhu. An ga alamar an goge su da toka har fata ta yi ja.

"Alhaji, rini kak koma?" in ji ɗaya daga cikin fataken.

"Tawadar shaidar buhu ta," in ji Alhaji, bai dubi kowa ba.

Kalilu ya ƙura wa yatsun ido. Ga mutumin da ya tsaya tsakiyar tasha ya kira shi ɓarawo, ga shaida a hannunsa, ga 'yan kai labari a zaune. Abin da ya rage kawai ya ce a tashi a je a ɗaga bonet, kowa ya gwada yatsunsa a sawun. Ya ajiye lomar da ya ɗebo. A daidai lokacin Alhaji ya ɗago, idonsu ya haɗu, ya bi kallon Kalilu zuwa yatsunsa, sai fuskarsa ta sauya. Ya gane abin da ya taɓa, ya kuma gane wanda ya shafa.

"Kalilu," aka ce daga bakin ƙofa. Tamba ne, tsaye da tsumman goge mota. "Taho ka ga wani abu ga mota, ba shi jira."

Kalilu ya tashi ne kawai don bai saba ƙin kiran mota ba. A gareji Tamba ya ja ƙofar kwanon ya rage kaɗan, bai nuna masa komai ba.

"Na ga ka ga hannun Alhaji," in ji Tamba.

"Kai ma ka gani?"

"Ni ba yau nig gani ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Dut ranar Allah, in nit tahi gida bayan la'asar, shina shigowa ta ƙaramar ƙohwa ta cikin gida shi cire batir shi kai ɗakinai. In an yi asuba shi maido kahin in iso. Da kainai, da wanga jiki nai."

"Don mi?"

Tamba ya ninke tsumman ya sake warwarewa. Ya ce wata shekara ɗiyarsa Maryamu ta kwanta da zazzaɓi mai tsanani, Alhaji ba ya gari, ya ɗauki motar ba izini ya kai ta asibiti Birnin Kebbi. Wani ya ga motar a hanya da mata a ciki, ya kai wa Alhaji cewa direbansa na lodin fasinja in ya ba da baya. Alhaji bai tambaye shi ba. Shi ma da ya ga ba a tambaye shi ba, nauyi ya hana shi faɗa. Bayan kwana uku ya fara ganin alamar an taɓa batir da safe, kuma tun daga nan kowace safiya sai ya bi ya ƙara matse abin da maigida ya bari sako-sako.

"Ka sani," in ji Kalilu. "Ka sani, nin nuna ka da yatsa cikin tasha, kay yi shiru. Anka ce min ɓarawo, kay yi shiru."

"Ban san ka juya batir ba, ai ba ka hwaɗi ba. Shi ma bai sani ba. Yadda yas saba aza shi hakanan ya aza, har ga Allah shina ganin kai ka cuce shi. Sai ranar tasha nig gane." Ya dubi batirin. "In nic ce na san wa ka taɓa batir, na hwaɗa mishi ke nan na san bai yarda da ni ba. Daga nan ƙaƙa za mu zamna mota guda, shi baya ni gaba? Shi yay yi ma ɗiyana aure dut. Shi yar rufe uwata. Abu guda na bai iya ba, yarda da mutum, ni ko na iya ɗaukar shi."

Bai roƙi Kalilu komai ba. Ya buɗe ƙofar ya koma wankin tayar da ya riga ya wanke.

Kalilu ya tsaya shi kaɗai gaban buɗaɗɗen bonet. Haushi bai bar shi ba, ko kaɗan. Amma kunya ta zo ta zauna kusa da haushin, don ya ga mutum biyu ne suka ƙona rikodar nan, kuma halinsu ɗaya: wanda ya cire batir a ɓoye don bai yarda da direbansa ba, da wanda ya juya batir a ɓoye don bai yarda da kowa ba. Wanda bai yi komai ba a cikinsu shi aka nuna da yatsa. Ya san in ya koma zaure ya yi magana sunansa zai wanku kafin magariba, ya kuma san Tamba ba zai sake tuƙa motar nan ba, ko an kore shi ko ba a kore shi ba.

Ya aika aka samo masa guntun katakon maɗaci wurin kafinta. Ya bar batirin a kwanciyarsa ta shekara ashirin, ya maido da bakin wayoyin yadda suke tun asali, ya maido da dainamo. Sa'an nan ya ɗaure rikodar a kan katakon yadda ba inda ƙarfenta ke taɓa jikin mota, ya ja mata wayoyinta biyu ita kaɗai tun daga batir, kowace zuwa inda ya dace, ya sa mata fis mai yanke wuta in ta yi yawa. Aikin ya fi na farko wuya nesa ba kusa ba, ya kai shi har bayan la'asar. Ya goge giris ɗin da fetur har ba sauran sawu. Yanzu duk mai cire batir ya mayar yadda hannunsa ya saba, rikoda ba za ta ji komai ba.

Ya danna, karatu ya cika garejin. Fataken suka fito, Alhaji na bayansu, hannuwa cikin riga.

"To mi yaf faru tun hwarko?" in ji ɗaya daga mutanen Kebbi.

Kalilu ya dubi ƙasa. "Ni nij juya batir ban hwaɗa ma kowa ba. Tsohuwar mota ba a sake mata kwanciya. Kuskurena na." Ya juya wajen Tamba. "Baba Tamba, abin da nic ce cikin tasha, ka yahe min."

Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, rabin gaskiya ya faɗa ya haɗiye rabi. Fataken suka ce ai shi ke nan, gwani ma yakan yi kure, kuma suka kai labari tasha yadda ya zata: Kalilu ya amsa da bakinsa. Zancen sata ya mutu, Matiyu ya samu lafiya, amma sunan Ƙona-Rikoda ya samu tushe. Da Kalilu zai tafi, Alhaji ya raka shi har bakin titi, abin da bai taɓa yi wa mai aikin hannu ba.

Riskuwa ce kaɗai ya gaya wa, don ita ta ba da galurar kuma ba ta barin tambaya. Ta yi fushi sosai, ta kwana biyu ba ta yi masa maganar kirki ba. Ta ce mai kuɗi ya zubar masa da mutunci a kasuwa shi kuma ya je har gida ya rufa masa asiri. Ya ce ba don mai kuɗin ya yi ba. Motocin ofishin nan ba su dawo ba har abada, kuma rumfar ba ta sake cika irin ta dā ba. Abu ɗaya ya sauya: daga lokacin in ya gama aiki yakan kira mai mota ya nuna masa abin da ya taɓa ɗaya bayan ɗaya, har mutum ya ƙosa. Ƙwan fitilar dai bai bar wuyansa ba, kuma bai fasa zargin Ummaru ba, ko da yake ya rasa da me.

Bayan wata biyu Moris ta tsaya gindin tsamiya, fitilar baya ta mutu. Tamba ne shi kaɗai. Kalilu na kwance ƙarƙashin mota dattijon ya tsuguna kusa da kansa, ya yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai ba da labarin farashin gero.

"Ranar Assabar ta bayan zuwanka, Alhaji yak kira ni. Yac ce, Tamba, wanga batir ya yi min nauyi, na tsuhwa. In kana ganin a cire shi, kai ka riƙa cirewa. In ba ka gani, bar shi."

"Kac ce mi?"

"Nic ce to."

Kalilu bai fito daga ƙarƙashin motar ba sai da ya daɗe, ya ce tsatsa ce ta faɗa masa a ido. Yana miƙewa wani ɗan kamasho ya ƙwala masa kira daga bakin tasha, "Ƙona-Rikoda, ga wata an turo, ba ta tashi."

Tamba ya ɗago zai yi magana. Kalilu ya girgiza masa kai, ya gyara ƙwan fitilar da ke wuyansa.

"Na'am," ya ce. "Ku turo ta nan."